Zumunta a Ƙafa Take: Bulutus, Linux da Muryoyin Tsofaffinmu

"Ta ƙi kamawa." Duk wanda ya taɓa zama da tsohuwar kwamfuta a cinya da ƙaramar waya a hannu, yana neman tsallakar da murya ko hoto daga wannan zuwa waccan, ya san wannan magana. Tsakanin na'urorin biyu bai kai kamu ɗaya ba. Kowace ta kunna Bluetooth, wanda bakinmu ya daɗe da mayar da shi bulutus, kowace tana lalube, da'irar nan tana ta juyawa a kan allo, amma kamar kishiyoyin da suka kwana da faɗa, ko kallon juna ba sa yi. Daga kambunan Manaƙil zuwa Mai Wurno, daga Suki zuwa gaɓar Rusairis, mun ji maganar nan da Hausa, mun ji ta da Larabci, kuma sau da yawa ƙarshenta shi ne a rufe kwamfuta a ce sai wani jiƙon.

Wani zai ce abin bai kai a kawo shi shafi irin wannan ba. Mu kuwa muna ganin ya kai, saboda abin da ke cikin wayoyin.

Tarihinmu a ƙasar nan bai sami takarda sosai ba. An rubuta cewa Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a watan Yuli na 1903, kuma ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas har suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu wajen 1906. An rubuta cewa an gama madatsar Sannar a 1925, auduga ta buƙaci hannu, mahajjatan ƙafa da yawa suka tsaya neman guzuri, tsayawar ta zama zama. Amma wace rijiya aka kwana a bakinta tsakanin Abeshe da Jinaina, wa aka binne a hanya, wace waƙa matan ayari ke yi in suna daka, wane gida ne a Haɗeja ko Katsina ake ce mana namu ne, duk wannan a bakin tsofaffi yake. Cikin shekarun da waya ta wadata, jikoki sun riƙa danna musu rikoda suna hira. Yawancin tsofaffin nan yanzu ba su. Wasu sun rasu a gadajensu, wasu a kan hanyar gudun hijira, wasu a azuzuwan makarantun da aka tsugunar da mu. Abin da ya rage na muryarsu yana cikin zakira wadda ba ta kai farcen yatsa ba.

Ban da murya akwai hotunan takardu: jinsiyya, lambar ƙasa, takardar hawasha, shaidar haihuwa. Mutanen da dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi su tabbatar da cewa kakanninsu suna ƙasar tun kafin 1898 ba sa bukatar a koya musu darajar takarda. Gidan da aka ƙone ko aka wawushe, sau da yawa hoton da ke cikin waya shi kaɗai ya tsira.

Miƙa abu daga hannu zuwa hannu ba baƙon al'amari ba ne a wurinmu. Tun Nuwamba 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi, kuma bai tsaya kan banki da jirgin sama ba, ya shigo har cikin aljihunmu. Shekaru da dama shagon manhajoji na Google a rufe yake gare mu. Sai a Fabrairu 2015 aka sassauta kan manhajojin sadarwa, aka ɗage babban takunkumin a Oktoba 2017. A tsawon wannan lokaci, wanda ya sami manhaja shi ke ba maƙwabcinsa, kamar yadda ake ɗibar wuta daga murhu zuwa murhu. Wa'azin malaman Kano, waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo, finafinan da ake kawowa daga Najeriya, duk ta wannan hanya suka zaga ƙauyukanmu, a gindin mai agashe ko a rumfar mai caji.

Da intanet ta yi araha muka fara mantawa da bulutus. Sai aka riƙa tuna mana. Bayan 3 ga Yuni 2019 an katse intanet ta waya sama da wata guda. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 an sake katsewa fiye da mako uku. Sannan yaƙin 15 ga Afrilu 2023 ya zo, Wad Madani ta faɗi a Disamba, kuma a Fabrairu 2024 shabakar Zain da MTN da Sudani duk suka yi shiru. A sassa da yawa na Jazira shirun ya ɗauki watanni, sai dai a je wurin masu Starlink a biya kuɗin awa. A ƙarshen Yuni 2024 Sinja ta bi sahu, mutanenmu na kudancin Sannar suka watsu. Manomin Jazira ya san cewa in babbar tur'a ta ƙafe, Abu Ishirin ma ya ƙafe, Abu Sitta kuwa ba a magana. Haka WhatsApp da Facebook suke, ruwansu daga nesa yake zuwa. Bulutus kuwa tulu ne: abin da ke gidanka kake ɗauka ka kai gidan maƙwabci, ba ya neman hasumiya, ba ya neman kati, ba ya neman izinin kowa. Sharaɗinsa ɗaya ne, ka zo da ƙafarka, domin muryarsa ba ta wuce taku goma zuwa sha biyu.

A kwanakin nan ne kuma ƙananan wayoyi masu maɓalli suka dawo da martabarsu. Babbar waya ta zama abin ƙwacewa a shingaye, batirinta ba ya jure rashin kahraba. Ƙaramar kuwa tana kwana huɗu da caji ɗaya, kuma ba mai kwaɗayinta. Sai dai ba ta san Wi-Fi ba, ba ta san Xender ba, ramin cajinta sau da yawa ya lalace ko kebul ɗin da ke hannu na caji ne kawai, ba ya ɗaukar bayanai. In ba a sami abin karanta zakira ba, ko abin da ake nema yana cikin cikin wayar kanta, ƙofa ɗaya ta rage.

To me ya kawo Linux cikin zancen? Talauci ne ya fara kawo shi, daga baya muka ga amfaninsa. Da aka fara komawa gida, bayan sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024 da Madani a Janairu 2025, kwamfutocin da suka rage ko aka saya na hannu tsofaffi ne, wasu sun haura shekara goma. Windows 11 ba ya hawa irinsu, Windows 10 kuwa an daina kula da shi daga 14 ga Oktoba 2025. Linux, wanda wani ɗalibi ɗan Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991, yana tafiya a kan waɗannan tsofaffi ba tare da nishi ba, musamman irin su Linux Mint da Debian da Ubuntu. Lasisinsa ya halatta kwafa da rabawa, saboda haka filasha ɗaya ta ishi ƙauye. Ba mu ce gidan nan bai taɓa rufe mana ƙofa ba: a Janairu 2010 shafin SourceForge, ɗaya daga manyan rumbunan buɗaɗɗun manhajoji, ya toshe Sudan tare da wasu ƙasashe huɗu saboda dokar Amurka. Amma abin da ya riga ya shigo hannu, babu mai iko ya kashe shi daga nesa.

Babban abin da ya sa muka riƙe shi shi ne yana faɗin abin da ke damunsa. Rufaffiyar manhaja in ta gaza sai ta ce an sami matsala, a sake gwadawa. Linux kuwa yana da littafin da yake rubuta kowane tuntuɓe, kuma littafin a buɗe yake ga wanda ya koyi karatunsa. Ga mutanen da mai gyara mafi kusa yake bayan tafiyar rabin yini, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shi bulutus ɗin rediyo ne ƙarami. Injiniyoyin kamfanin Ericsson na Suwidin suka fara aikinsa a 1994, aka raɗa masa laƙabin wani sarkin Danmak na ƙarni na 10, Harald Mai Shuɗin Haƙori, wanda ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa. Yana magana a zangon gigahaz 2.4, ya raba shi gida 79, yana tsalle daga gida zuwa gida sau 1,600 a sakan ɗaya don kauce wa hayaniya. (Mun ce sakan da gangan. Daƙiƙar Hausar Najeriya ita ce saniyarmu, daƙiƙarmu kuwa mintinsu ce, kuma mun sha ganin wannan ya rikita hira tsakanin ɗan Kano da ɗan Mai Wurno.) A cikin Linux, manhajar da ke riƙe da linzamin wannan rediyo sunanta BlueZ, tana ciki tun 2001. Tsakanin ɗan guntun ƙarfen da ke cikin kwamfuta da hoton da muke dannawa a allo akwai hawa huɗu ko biyar, kuma "ta ƙi kamawa" na iya fitowa daga kowanne.

Hawa na farko shi ya fi ba da dariya. Yawancin tsofaffin kwamfutocin cinya suna da ɗan makunni a gefe ko a gaba, ko wani maɓalli mai hoton eriya ko jirgin sama a jerin sama, wanda ke kashe duk rediyon da ke ciki. Kwamfutar da ta yi tafiya cikin buhu tare da tukwane, a kan karo ko bayan lori, ba abin mamaki ba ne makunnin ya goce. A buɗe baƙar tagar nan ta umarni a rubuta rfkill list. In ta ce Hard blocked: yes, hannu ne zai gyara, a nemi makunnin, ko a duba saitin BIOS. In ta ce Soft blocked: yes, a rubuta rfkill unblock bluetooth, shi ke nan. Daga nan a tambayi ma'aikacin ko yana farke da systemctl status bluetooth. In yana barci a tashe shi da sudo systemctl restart bluetooth. Rabin ƙorafin da ake kawo mana a nan yake ƙarewa, kafin shayi ya huce.

Wanda ya fi wannan zurfi shi ne na mantuwa, kuma a kansa muke son mu daɗe. Ranar da na'urori biyu suka fara gaisawa, suna ƙulla wani mabuɗin sirri, kowace ta ajiye kwafinta. Linux yana ajiye nasa a /var/lib/bluetooth, ƙarƙashin lambar kowace na'ura. Duk haɗuwar da za ta biyo baya da wannan mabuɗi ake buɗe ta. To in aka sake wa kwamfuta manhaja, ko aka wanke waya, ɗaya ta manta, ɗaya tana riƙe. Mai riƙewa ta ga fuskar da ta sani, domin lambar guntun ba ta canja ba, ta miƙa tsohon mabuɗi. Mai mantuwa ta ce ban san wannan ba. Sai su tsaya cirko-cirko. A allo za a ga kamar sun kama na sakan biyu, sannan su saki, ko a ga AuthenticationFailed.

Wata dattijuwa a ƙauyenmu ta kawo mana wayar marigayi mijinta, ƙulle a bakin mayafi. A ciki akwai hirarsa ta kusan awa biyu, yana ba jikokinsa labarin yadda mahaifinsa ya taso daga ƙasar Haɗeja. Wayar ta taɓa gaisawa da kwamfutar makarantarmu kafin yaƙi, kwamfutar kuma an sake mata manhaja bayan dawowa. Muka yi mata bayani gwargwadon iko.

Ta ce, "Wato, 'ya'yana, ta Malam ce ta riƙe zumunci, taku ta manta?"

Muka ce, "Haka ne, Inna Hajja."

Ta ce, "To ai ba a tilasta wa wanda ya manta. Ku sa ta Malam ta haƙura, su sake gaisawa kamar baƙi."

Maganin ke nan, babu ƙari. A shiga wayar a goge sunan kwamfutar daga jerin waɗanda ta sani. A kwamfuta a rubuta bluetoothctl, a ba da umarnin remove tare da lambar wayar in tana nan. Sannan power on, agent on, scan on. In wayar ta bayyana a ce pair da lambarta. Tsofaffin ƙananan wayoyi za su nemi lambar sirri: a zaɓi kowace, ko 0000 ko 1234, a sa iri ɗaya a ɓangarorin biyu, kuma a yi sauri, domin ba sa jira. Bayan haka kada a manta da trust, wato a shaida wa kwamfuta cewa wannan baƙo ya zama ɗan gida. In ba haka ba gobe ma sai ta tsayar da shi a zaure. A kuma tuna cewa kwamfuta ba ta barin a gan ta har abada: bisa al'ada sakan 180 take bayyana, minti uku ke nan, sannan ta ja labule. Mutum yana can yana laluben maɓallan waya, lokaci ya wuce, ya ce ba ta ganinta. Sai a sake cewa discoverable on.

Kafin la'asar muryar Malam ta fito daga kwamfuta. Irin fayilolin nan na ƙananan wayoyi, masu ƙarewa da amr, VLC yana buɗe su ba gardama. Abin da ya biyo baya a ɗakin ba na shafin nan ba ne.

Wannan ciwon yana da ƙane. Masu ajiye Windows da Linux a kwamfuta ɗaya za su ga samma'a ta kama a wannan ta ƙi a wancan, kullum wanda aka haɗa na ƙarshe shi ke aiki. Dalili shi ne guntu ɗaya ne, lamba ɗaya, amma mabuɗi biyu, samma'ar kuwa ɗaya kawai take riƙewa ga kowace lamba. Akwai hanyar kwafo mabuɗin daga wannan gida zuwa wancan, amma aiki ne na mai haƙuri. Ra'ayinmu shi ne a zaɓi gida ɗaya don wannan aiki a huta. Kuma in za a fita daga Windows a kashe shi kisan gaske, domin saitinsa na saurin tashi yakan bar guntun rabi barci rabi farke, Linux ya zo ya same shi ba ya amsa sallama. In hakan ta faru a kashe kwamfuta, a cire caji da batir in yana ciruwa, a danne maɓallin kunnawa rabin minti.

Mai wuyar shi ne wanda bluetoothctl zai ce No default controller available, alhali guntun yana nan. A nan ne ake buɗe littafin da muka ambata: sudo dmesg, a nemi layukan da ke ɗauke da kalmar Bluetooth ko firmware. Yawancin guntayen nan, na Intel da Realtek da Broadcom da sauransu, ba su da hankalin kansu. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta sai an ɗura musu wata 'yar manhaja daga kamfanin da ya ƙera su, sannan su farka. In ba ta nan, littafin zai ambaci sunan fayil ɗin da ya nema ya rasa, harafi da harafi. A Ubuntu da Mint yawancinsu suna cikin ƙunshin linux-firmware. Debian ta daɗe tana ƙin sa su cikin faifanta na hukuma saboda ba buɗaɗɗu ba ne, sai a fitowa ta 12, a Yuni 2023, ta sassauta. Duk mai tsohon faifan Debian ya san da wannan. Wasu na Broadcom kuwa ba a raba su tare da Linux, sai an tsamo su daga direban Windows an ajiye a /lib/firmware/brcm. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Ga inda abin yake da ciwo: fayil ɗin da ake nema sau da yawa bai kai hoto ɗaya nauyi ba, amma yana intanet, kuma rashin intanet ne ya sa ake neman bulutus tun farko. Mun san wanda ya yi tafiyar awa uku a kan keke zuwa wurin Starlink saboda fayil guda, da sunansa rubuce a tafin hannu. Duk littattafan gyara da ke duniya an rubuta su ne ga mutumin da ke da shabaka a ɗaki, wanda za a ce masa ya sauko da kaza ya sabunta kaza. Ba a rubuta su don mu ba.

Wanda kwamfutarsa ba ta da guntun sam, sai ya sayi ɗan maƙalen nan na USB a kasuwar Madani ko Sannar ko Damazin. A rubuta lsusb a ga sunansa. Da yawa za su ce su Cambridge Silicon Radio ne, da lamba 0a12:0001, alhali jabu ne masu aron riga: suna da'awar iya abin da ba su iya ba, Linux ya gaskata su, ya ba su umarni, su sandare. Tun 2020 masu aikin sa kai suka koya wa zuciyar Linux gane waɗannan maƙaryata da lallaɓa su, saboda haka sabon faifai ya fi tsoho jure musu. Kuma kada a soka shi kusa da filasha ko faifan ajiya da ke ramin USB 3, mai shuɗin baki: kamfanin Intel da kansa ya bayyana a 2012 cewa irin wannan rami yana fitar da hayaniya a zangon da bulutus ke magana. A sa shi a ɗaya gefen, ko a ja shi da ɗan kebul. Jikin mutum ma shinge ne, ruwa ne yawancinsa, yana shanye wannan rediyo. Taron yara da suka yi wa kwamfuta zobe suna kallo suna cikin abin da ke hana ta kamawa.

Akwai kuma wanda na'urori sun gaisa lafiya, amma in an turo fayil sai waya ta ce aikawa ta gaza. Gaisuwa daban, karɓar kaya daban. Mai karɓar kaya wani ma'aikaci ne mai suna obexd, a Debian da danginta yana cikin ƙunshin bluez-obexd, kuma ba kowane faifai ke zuwa da shi ba. A Ubuntu mai fuskar GNOME ba a karɓar komai sai tagar saitin bulutus tana buɗe a lokacin. A rufe ta, an rufe ƙofa. Mint, tun fitowa ta 21 a 2022, yana amfani da Blueman, wanda ke tambaya a kusurwar allo ko a karɓa, tambayar kuma tana ɓacewa in ba a kula ba. Mai iPhone kada ya wahalar da kansa, ba ta aika fayil ta wannan hanya ko ga wa. Sannan a yi haƙuri da tafiyar hawainiya: a takarda megabit 3 ne a sakan, a aikace bai kai ba. Hirar awa guda za ta wuce cikin 'yan mintoci, fim kuwa sai a ɗora tukunya a sauke. Manyan kaya tsakanin manyan na'urori a bi da su ta kebul ko ta Wi-Fi na gida.

Na samma'a ba ma sai an buɗe baƙar taga ba. Sau tara cikin goma, in ta ƙi kwamfuta a wurin biki ko karatu, tana maƙale ne da wayar wani yaro da ya taɓa haɗa ta, yana nan cikin taro da ita a aljihu. A yi shela kowa ya kashe nasa. In kuma ta kama amma murya ta fito kamar daga cikin tulu, an ɗauke ta a matsayin abin kiran waya ne. A shiga saitin sauti a mayar da ita A2DP.

Wata magana ta fi duk waɗannan nauyi a wurinmu. Wayar da aka miƙo mana amana ce. A cikinta akwai hotunan matan gida ba mayafi, akwai saƙonnin da ba a yi don kunnenmu ba, akwai sunaye da lambobin da a shekarun nan sun isa su jawo wa mutum bala'i a shinge. Mutanenmu na Rusairis da Wad al-Mahi, da suka ga abin da suka gani a Yuli da Oktoba 2022, sun fi kowa sanin haka. Saboda haka ƙa'idarmu ita ce mai waya ya zauna a wurin, shi zai nuna abin da za a ɗauka, kuma turowa ake yi daga wayar fayil bayan fayil, ba a buɗe cikinta gaba ɗaya daga kwamfuta ko da hanyar tana nan. Muryar tsoho ta iyalinsa ce. Sai sun yarda take shiga rumbun ƙauye, sai sun sake yarda take hawa Facebook. In an gama a goge gaisuwar a ɓangarorin biyu, a kashe rediyon. A 2017 masu bincike sun bayyana wata ɓaraka da suka kira BlueBorne, wadda ake iya shiga na'ura ta cikinta ba tare da gaisuwa ba. An toshe ta a sababbin manhajoji, amma tsofaffin wayoyin da ke hannunmu da yawa ba su taɓa ganin gyaran ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu da shabaka ta dawo a wurare da yawa, yanzu ne lokacin. Abin da muke roƙon kowane ƙauye, ko kowace halwa da makaranta mai kwamfuta, shi ne filasha guda da ba a taɓa ta don waƙa ko fim. A sa mata faifan Mint ko Debian na baya-bayan nan. A sauko da linux-firmware da bluez da bluez-obexd da blueman da VLC, ta umarnin apt download, daidai da fitowar da ke kan kwamfutocin wurin, tare da ƙunshe-ƙunshen da suka dogara da su, domin ƙunshin wata fitowa ba lalle ya zauna a wata ba. Duk wanda ya sha wahala ya samo fayil ɗin wani guntu, ya zuba shi a ciki da sunan kwamfutar da ya yi wa aiki. A yi mata kwafi biyu, kada su kwana a gida ɗaya.

Sannan littafi na takarda. Umarnin nan ba su kai ashirin ba, kuma dole a rubuta su da haruffan boko yadda suke, babba da ƙarami, domin kwamfuta ba ta yafe kuskuren harafi. Amma bayaninsu a rubuta shi da haruffan da yaranmu suka fi sani. Yawancinsu da Larabci suka yi makaranta, kuma ajami bai taɓa gaza ɗaukar Hausa ba. A koya wa 'yan mata tare da samari, domin tsofaffin mata ba kowane namiji suke buɗe wa baki ba, waƙoƙin daka da na reno da na kamun amarya kuwa a wurinsu suke.

Fayilolin da aka tsamo kada a bar su da sunan da waya ta ba su, Rec0007 da ire-irensa. Bayan shekara babu mai sanin ko wane ne. A sa sunan mai magana, da ƙauye, da shekarar da aka ɗauka in an tuna, da garin da kakanninsa suka baro. A rubuta sunan da haruffan boko marasa lanƙwasa, k a maimakon ƙ, d a maimakon ɗ, domin wasu ƙananan wayoyi suna mayar da haruffan da ba su sani ba akwatuna ko alamun tambaya, kuma fayil ɗin zai sake komawa cikin irinsu in jikokin da ke Gadarif ko Kasala ko Port Sudan suka zo neman nasu kwafin.